Ruwan Shuka Ba Ya Cikin Jadawali

Fatakwal, 8 ga Maris

Zuwa ga mahaifina, Injiniya Ubaidullahi Jumare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Umma da duk mutanen gida. Hadiyya da yara suna gaishe ku. Na so in kira ka a waya, amma na san kunnen ba ya bari, kuma wannan ba maganar da za a yi ta da ihu ba ce, Umma na tsaye tana maimaita maka. Shi ya sa na ba Abdulbasit direba takardar nan ya kawo.

Baba, kamfani ya ɗauke ni daga ɗakin zane. Daga farkon watan nan ni ne manajan aikin wata gada da za mu gina a kan rafi a bayan gari. Ba babba ba ce, mita ashirin da huɗu ce, amma komai nata a wuyana yake: mutane, kaya, lokaci, da amsa tambayoyin waɗanda suka ba da kwangilar. Shekara tara ina zana rodi a kwamfuta, wani ya ɗauka ya tafi da shi, ni ban ga ko ƙwayar tsakuwa ba. Kwas ɗin da na yi bara, wanda ka ce ɓata lokaci ne, shi ya jawo wannan.

Wurin fadama ne, motar kankare ba ta shiga. Da ƙananan injunan kwaɓi za mu yi aikin, a ɗauka da kwano a ka. Na ɗauki lebura sittin, kusan duk 'yan gida ne, 'yan wajen Gumel da Maigatari, a ƙarƙashin wani helma mai suna Hafizu. Shugabana, Mista Tamuno, ya ce shi ya sa ma ya zaɓe ni: "You go fit talk to your people."

Na haɗo maka zanen gadar, da jadawalin aikin wanda ya nuna ranar da za a yi kowane abu. Jadawalin ni na tsara shi, mako biyu ina kansa. Don Allah ka duba mini su duka biyun, kuma ka sa mini albarka.

Ɗanka,
Ma'aruf

Inugu, 14 ga Maris

Ma'aruf,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gwiwar Ummanka da ta saba. Ka gaishe da Hadiyya, ka shafa mini kan jikokina.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun don in tabbata ba idona ne ya bi sahun kunnena ba. Wato shekara biyar da ka yi a Zariya, da tara a ɗakin zane, duk ka naɗe su ka ajiye don ka riƙe waya biyu ka riƙa kiran taro.

Bari in gaya maka wane ne manajan aiki. Mutum ne da yake zuwa wurin aiki da takalmi fes, ya koma da shi fes. Ya tambayi injiniya yaushe za a gama, idan an gaya masa ya rage mako biyu ya rubuta. Ranar buɗe gada shi ne kusa da mai riƙe da almakashi, ranar da ta tsage kuma injiniya ake nema. Ka san labarin Lakwaja, tun kana firamare kake jin sa a gidan nan. Manaja ne ya tilasta aka zuba kankare ranar da bai kamata ba, aikin ya lalace, ni aka mayar teburin zane na tsufa a kansa. Yau ga ni a bayan Kasuwar Artisan, ni da na dasa turakun gadoji bakwai har ƙarar injin ta cinye mini kunne, ina zana wa masu sayar da kaji rumfar kwano. Jiya wani ya ce in cire ginshiƙi ɗaya saboda yana tare masa hanyar baro. Shi ma manaja ne.

Zanen na duba. Wanda ya yi shi ya san aiki. Abu ɗaya ne: a shafi na huɗu, tazarar rodin da ke kan ginshiƙin tsakiya ta yi faɗi, a matse ta. Na yi alama da jan biro. Ɗaya takardar kuwa, mai dogayen sanduna kala-kala kamar aikin 'yan aji ɗaya, shafin farko kawai na gani na rufe. Ba karatuna ba ne. Ummanka ta ɗora ta a kan durowa.

Albarka ban taɓa janye ta ba. Amma kada ka ce in yi murna.

Mahaifinka,
U. Jumare

Fatakwal, 20 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ka yi haƙuri ban zo ba, aikin bai bari ba.

An gyara rodin shafi na huɗu. Injiniyan da yake duba mu ya tambayi wanda ya gano, na ce mahaifina. Ginshiƙai uku sun tashi, mun ma riga jadawali da kwana uku.

Aikin ba kamar yadda ka zana shi yake ba. A makon da ya wuce kawai, tifar yashi ta kafe a taɓo kwana biyu, matasan ƙauye sun gitta itace a hanya wai sai an ɗauki nasu, kafintoci kuma sun daina yi wa masu ɗaurin rodi magana a kan bokitin ruwan sha. Babu ko ɗaya a ciki da lissafi yake warwarewa. Wani lokaci hannuna yana ƙaiƙayi in ɗauki tef in hau in auna, sai in tuna akwai injiniyan wurin, kuma fuskarsa tana sauyawa in na matso.

Baba, ka buɗe jadawalin kuwa? Ba yabo nake nema ba. Ido na biyu nake nema.

Ɗanka,
Ma'aruf

Anacha, 8 ga Yuni

Zuwa ga amini, Injiniya Jumare, sarkin kuramen Inugu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin uwargida Zuwaira? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Head Bridge lafiya lau, sai ruwa da warin ruɓaɓɓiyar albasa. Har yanzu ina jan salla a masallacin 'yan albasa, ba su gaji da ni ba tukuna.

Abdulbasit ya tsaya wurina ya ci abinci, ya ce ɗanka ya zama babban oga a Fatakwal, kai kuma ka zauna kana kumburi kamar an ci maka gona. Haba Injiniya! Yaro ya samu ci gaba, uba ya ɗaure fuska? Tsufa bai rage maka komai ba sai haƙora.

Amma ba tsiya kawai na zo yi ba. Sahun asuba a masallacinmu da shida ne, yanzu huɗu. Yaran nan masu dako da masu turin baro duk sun shiga Kasuwar Relief suna sayen tocila da takalmin roba da atamfar mata. Da safe kowa waya a kunne, tambaya ɗaya ce: "An yi? An yi?" Jiya wani ɗan Haɗeja ya ce mini hadari ya fara haɗowa a gabas, iska ta juya. Ka san abin da wannan yake nufi.

To, Abdulbasit ya ce leburan Ma'aruf duk 'yan Gumel ne. Yaushe zai zuba dekin gadar, wato saman da motoci za su bi? Yaron nan a kudu aka haife shi, a kudu ya girma, Zariya ma a cikin makaranta ya zauna. Ban sani ba ko wani ya taɓa gaya masa. Kai ka fi kowa sanin dalilin da ya sa nake tambaya.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Malam Sagiru

Inugu, 10 ga Yuni

Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ba gaisuwa ce ta sa na rubuto ba, ka karanta a tsaye.

Na buɗe takardar taka. Na sa tabarau na bi sandunan ɗaya bayan ɗaya har na gano inda ka sa zuba deki: Asabar, 26 ga Yuni. Wa ya ba ka wannan ranar? Kwamfuta? Ta san Gumel?

Mutanenka 'yan ci-rani ne. Manoma ne da suka zo kashe rani, ba lebura ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka a garinsu, ranar za su ɗaure kaya. Ba sa neman izini, ba sa sallama, don suna jin nauyin a roƙe su su ƙi. Wanda ya makara da shuka mako ɗaya ya makara shekara guda, kuma akwai uwa da mata da 'ya'ya da suke jiran geron nan. Ruwan kuwa tsakanin tsakiyar wata da ƙarshensa ya saba sauka. Malam Sagiru liman ya rubuto mini daga Anacha, ya ce sahun masallacinsu har ya fara raguwa. Ka ɗauki rana mafi nauyi a aikinka ka ɗora ta a daidai nan.

Ka san deki irin wannan ba a zuba shi rabi. In an fara sai an kai ƙarshe, kwano na bin kwano, in ba haka ba na farko ya daskare kafin na baya ya riske shi, gaɓa ta fito. Da kwano a ka, ƙasa da mutum hamsin ba za su iya ba. Ga rafin kuma, wanda turakun katakon da suke tallafe da dekin a cikinsa suke tsaye, ba zai jira ka har Agusta ba.

Ko dai ka jawo ranar ka zuba kafin sha takwas ga wata, ko ka fara neman wasu hannayen yau ɗin nan ka koya musu. Babu na uku.

Da na buɗe ta tun Maris, da na gaya maka tun Maris. Wannan nawa ne.

Mahaifinka,
U. Jumare

Fatakwal, 14 ga Yuni

Baba,

Wa alaikumus salam. Na gode da ka duba. Amma wata uku ina roƙo, yanzu saura kwana goma sha biyu ka ce in rushe tsarin gaba ɗaya.

A nan ruwa tun Maris yake zuba, kullum a jiƙe muke aiki, ba wanda ya tafi. Azumi ya zo, Sallah ta wuce, ba wanda ya tafi. Kowannensu ya dangwala yatsa a takarda cewa zai tsaya har a gama deki. Duk da haka, saboda maganarka, na kira Hafizu ofis a gaban Mista Tamuno na tambaye shi kai tsaye ko akwai wanda zai tafi kafin ashirin da shida. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, in Allah ya yarda muna tare." Na sake tambaya. Ya ce, "Ai ba za mu ƙi ta taka ba, Injiniya." Da na fassara wa Mista Tamuno sai ya yi dariya ya ce, "Your papa still dey 1990."

Kuma ranar ba ta jawuwa. Siminti sai ashirin da uku zai iso, mai duba rodi ashirin da huɗu ya ba mu, injunan kwaɓi na haya suna wani aikin har ashirin da biyar. In na taɓa ɗaya, goma za su motsa, kuma sai na tsaya a gaban mutane na faɗi dalili. In ce musu me? Limamin Anacha ya ga sahu ya ragu?

Ka gafarce ni in harshena ya yi kaifi, gajiya ce. Ka gaishe da Umma.

Ɗanka,
Ma'aruf

Fatakwal, 24 ga Yuni

Baba,

Assalamu alaikum.

Ruwa ya sauka a Gumel ranar Litinin. Talata da safe na isa wurin aiki na tarar da mutum goma sha uku.

Na shiga rumfar da suke kwana. Babu tabarma, babu jaka. Hulunan kwanon da muka ba su an jere su a kan benci, kwanonin kankare an wanke an kife, ko cebur ɗaya bai ɓata ba. Da sata suka yi da na san abin da zan rubuta a rahoto.

Hafizu yana zaune a bakin rumfar yana ɗaurin takalmi. Na ce, "Hafizu, ba kai ka ce muna tare ba?"

Ya ce, "Ai ga ni, ranka ya daɗe."

"Sauran fa?"

Ya ce, "Injiniya, ka kira ni ofis, kana tsaye ina durƙushe, ga oganka yana kallo. In ce maka a'a a gaban baƙo? In zubar maka da girma? Da ka taɓa zuwa nan ka zauna an zuba maka shayi ka ce, Hafizu yaya gona, da tun azumi ka ji komai. Kai ɗan gida ne, mun ɗauka ka sani."

Na ce masa a Inugu aka haife ni, ban taɓa riƙe fartanya ba.

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Shi ma jibi zai tafi. Ƙanensa rabin gonar kawai zai iya shuka masa.

Na kira waɗanda nake da lambarsu na ce zan ninka musu na yini. Ɗaya ya ɗauka daga saman tirela, iska na kaɗa muryarsa, ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, sai bayan girbi in da rai." Na koma wurin matasan ƙauyen nan da suka tare mana hanya a watan jiya. Ashirin suka zo, muka gwada su da yashi. Kafin azahar saura shida, ɗaya ya ce mini, "Oga, this one na punishment."

Rafin yana ƙaruwa kusan taki guda kullum. Injiniyan wurin ya ce turakun katakon ba za su wuce kwana goma ba. Mista Tamuno ya ce in zuba ranar Asabar da waɗanda nake da su, rabi yau rabi gobe. Na ƙi, zanen bai ba da gaɓa a tsakiya ba. Ya yi mini tsawa a gaban kafintoci, ya ce manaja ya ɗauka ba malamin lissafi ba.

Ka san abin da na yi jiya? Na ɗauki tef na hau kan rodi ina rarrafe ina auna tazara, tun safe har la'asar. An riga an auna ta sau biyu. Shi kaɗai ne abin da na san na iya.

Don Allah ka roƙar mini Baffa Sagiru, ko zai samo mini mutum arba'in a Anacha.

Ɗanka,
Ma'aruf

Inugu, 26 ga Yuni

Malam Sagiru,

Assalamu alaikum. Abin da ka hango ya faru. Sun tafi sun bar shi da mutum goma sha uku, rafi na hawa. Na gaya masa, bai ji ba, ya je ya tambayi helma a ofis a gaban ogansa kamar mai ɗaukar shaida a kotu. Wannan shi ne abin da kwas yake koyarwa.

Ina neman mutum arba'in masu ƙarfin wuya, cikin kwana biyar. Duk wanda ka samu ka sa shi a mota. Ni na zagaya Artisan da Gariki da ƙafata, na samu uku, ɗaya ma ya girme ni.

Ban taɓa roƙonka komai ba.

Jumare

Anacha, 28 ga Yuni

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Na yi sanarwa a masallaci bayan kowace salla, na bi rumfunan Head Bridge ɗaya ɗaya. Sahun asuba yanzu ɗaya da rabi ne, ka ƙiyasta da kanka. Na samu tara. Biyu suna da ƙaba, ɗaya bai taɓa ganin kankare ɗanye ba. Na tura su haka nan, amma ni da kai mun san tara da sha biyu da uku ba hamsin ba ne.

Ka ce ba ka taɓa roƙona komai ba. Ka taɓa. Shekara ashirin da bakwai ke nan, a tashar Lakwaja, ka ce kada in gaya wa Zuwaira yadda abin ya kasance. Na riƙe maka, don a lokacin ni helmanka ne, kai ogana. Yanzu ni liman ne, kai kurma, ba mai jin tsoron wani.

Na ga kana yi wa yaron nan tsiya wai ya tambayi helma a ofis. Kai a ina ka tambaye ni? Ko ka manta in tuna maka kalar kujerar?

Ba ni zan gaya masa ba. Amma in ka bar shi ya ɗauki wannan kayan shi kaɗai, yana ganin ubansa bai taɓa faɗuwa irin wannan faɗuwar ba, to kada ka sake aiko mini da takarda.

Sagiru

Fatakwal, 9 ga Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ka gode mini wa Baffa Sagiru. Mutanensa sun iso, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ba mu taɓa haura talatin ba, ban kuma yarda an zuba ba.

Ranar Litinin da hantsi rafin ya kwashe turakun. Muna tsaye a gaɓa muna kallo, katakon ya karkata a hankali, rodin da aka ɗaure mako uku ya bi shi ya lanƙwashe. Ba wanda ya ji ciwo. Ginshiƙan suna nan lafiya. Deki kuwa sai Disamba.

Jiya aka yi zama a babban ofis. Awa biyu ana nuna jadawalina a bango. Wani darakta ya tambaye ni me ya sa babu tafiyar lebura a jerin haɗurran da na rubuta, alhali na sa har da yajin aikin direbobin tanka. Ba wanda ya ambaci cewa na hana a zuba rabi, Mista Tamuno ma wayarsa yake dannawa.

An karɓe aikin daga hannuna. Sun ba ni zaɓi biyu zuwa ƙarshen mako mai zuwa. Ko in koma ɗakin zane a kan matsayina na da, kamar ba a yi komai ba. Ko in tafi Aba, aikin magudanar ruwa, mataimaki a ƙarƙashin wata Injiniya Nkiruka wadda na girme ta da shekara huɗu, a rage mini mataki ɗaya.

Zan koma tebur. Ka faɗa tun farko. Tun ina yaro nake jin haushin manajan nan na Lakwaja, ina cewa in na girma zan nuna yadda ake yi. Ga shi na zama shi.

Ɗanka,
Ma'aruf

Inugu, 12 ga Yuli

Ɗana Ma'aruf,

Wa alaikumus salam. Ka zauna ka karanta wannan, kada Hadiyya ta karanta maka.

Babu wani manaja a Lakwaja. Ni ne.

Bayan gada ta bakwai aka ce na isa in riƙe aiki da kaina. Na yi murna fiye da yadda ka yi, na ɗinka sabuwar riga. Leburana 'yan Kazaure ne, Sagiru ne helmansu. Na sa ranar zuba deki a ƙarshen Yuni. Ni ba a kudu aka haife ni ba, na yi noma da hannuna har na shiga sakandare, ba ni da uzurin da kake da shi. Na sani sarai, amma na ɗauka tunda ni ne, ba za su tafi ba. Na kira Sagiru ofis na tambaye shi, ya ba ni amsar da Hafizu ya ba ka, kusan kalma da kalma. Suka tafi. Aka bar ni da mutum goma sha tara.

Inda muka rabu ni da kai shi ne nan: ni na zuba. Ba wanda ya tilasta mini. Na ji kunyar in buga waya in ce na kasa. Kankaren ya daskare mana a tsakiya da la'asar, muka ci gaba a kansa washegari. Wata huɗu ya tsage daga gefe zuwa gefe, aka kawo inji aka fasa shi, ina tsaye.

Ni ma an ba ni zaɓi. Ko tebur, ko in bi wani Bayarabe da na raina in koyi riƙon mutane. Na zaɓi tebur, don a tebur ba wanda zai ga ina koyo. Shekara goma sha tara na yi a kai. Zanena bai taɓa samun kuskure ba, kuma ba a sake tambayata ra'ayi a kan komai ba. Da na dawo gida Ummanka ta tambaye ni, sai na ƙirƙiro manaja. Na yi ta ba da labarinsa har na fara ganin fuskarsa, na san irin takalminsa. Da ka aiko da jadawalinka ba raini ne ya hana ni buɗewa ba, ko da yake haka na gaya wa kaina. Shafin farko na gani gabana ya faɗi.

Har gobe ban ce aikin nan ya kai injiniyanci daraja ba, kuma kamfanin naku ba su da mutunci, da ba su bar Tamuno yana danna waya ba. Amma aiki ne, kuma ya fi ƙarfina. Kai ka tsaya an yi maka tsawa a gaban kafintoci ba ka zuba ba. Wanda ya iya wannan zai iya koyon sauran.

Kada ka koma teburin nan. Na san abin da yake mayar da mutum, kai ma ka sani, a gidansa ka tashi.

Na gaya wa Ummanka da safiyar yau. Ta tashi ta shiga ɗaki, har yanzu ba ta fito ba.

Mahaifinka,
Ubaidullahi

Fatakwal, 16 ga Yuli

Baba,

Wa alaikumus salam. Na karɓi na Aba. Ranar Litinin zan fara.

Na karanta takardarka, na kuma gode da ka rubuta ta. Amma ina da shekara takwas na fara tsanar mutumin nan saboda kai, kuma ban san inda zan ajiye wannan ba tukuna. Zan ɗan jima ban rubuto ba. Kada ka tura Abdulbasit ya dubo ni, lafiyata ƙalau.

Ka gaishe da Umma. Ita zan kira ta a waya.

Ɗanka,
Ma'aruf